Tagar Bayan Shagon Gwadabe

Gwadabe ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Na girme shi da shekara tara, ni na goya shi. Ba shi da wayo sosai, ba shi kuma da mugunta. Abin da Allah ya ba shi da yawa kunya ce, kuma ita ta raba shi da shagon da ya gada.

Mahaifinmu ya zo Tiga lokacin da ake aikin dam, daga wani ƙauye na ƙasar Bebeji, da tebur ɗaya na tireda. Yana sayar wa leburori ashana da sukari da sabulu. Da aiki ya ƙare mutane suka watse, shi bai koma ba. Ya gina gida a layin da ke gangarawa wajen masunta, ya mai da ɗakin bakin titi shago. Ɗakin yana da ƙofa ta gaba wajen titi, da taga ɗaya ta baya mai buɗewa cikin tsakar gidanmu. Ba don ciniki aka yi tagar ba. Ta nan Inna ke miƙa wa Baba abinci.

Wata rana maƙwabciya ta ɗora tukunya sai ta ga ba gishiri. Ba za ta je ƙofar gaba ba, maza na zaune a kan benci. Ta shigo ta zaurenmu ta gaya wa Inna, Inna ta zura hannu ta taga ta ɗebo mata. Daga wannan gishirin ne abin ya fara. Kafin in gama sakandare matan layi uku sun san hanya. Baba ya matso da kanta kusa da tagar, ya jera mata kayan miya inda hannun Inna zai kai, bai taɓa yi wa kowa maganar ba har ya rasu.

Gwadabe ya tsaya a firamare. Bai son karatu, yana son jera kaya. Tun yana ƙarami in ka ba shi gwangwanaye goma zai juya su duka su kalli gefe ɗaya. Da Baba ya rasu ya gaji shagon da wata gonar rani a bakin ruwa. Ya auri Zuwaira, 'yar wani masunci, gajeriya mai dogon hannu da kaifin baki. Inna ta dubi hannun ta ce wannan za ta iya. Ta tsayar da ita a tagar sati biyu bayan tarewa, ta koma ɗakinta ta kama carbi.

Ga yadda cinikin gidan yake. A gaba Gwadabe ne da rediyonsa da mutum biyar na kan benci, waɗanda tun safe har la'asar abin da za su saya bai wuce batir da alawar tari ba. A baya Zuwaira ce. Magi biyu. Ƙullin sukari. Ƙullin omo. Man gyaɗa ludayi ɗaya. Taliya rabin leda, a karye ta gida biyu a gabanki. In kin sayi gishiri ta ƙara miki gyara da yatsu uku. Akwai kuma abubuwan da mace ba za ta buɗe baki ta tambayi namiji ba, kamar audugar mata. Waɗannan ko suna ba a faɗa, ido za ki yi mata ta naɗo miki a takarda. Matan Fulani masu nono in sun gama yawon gari nan suke sauke ƙwarya a gindin darbejiyar tsakar gida, su sha ruwa, su yi azahar, su sayi sabulu da kanwa su kama hanyar ruga. Ni tun da mijina ya rasu na dawo gidan da ke jikin nasu, kusan kullum ina wajen. Na san cewa in aka raba cinikin shagon gida uku, biyu ta taga suke fita. Zuwaira ta sani. Gwadabe ma ya sani, faɗa ne ba ya yi.

Da haka suka aurar da 'ya'ya huɗu, saura Muhsina, auta.

Sai kaya suka fara tashi. Gwadabe ya je kasuwar Singa a Kano saro kaya, da kuɗin da ya sayo katan goma bara ya dawo da huɗu. Kuɗin mota ya ninka. Mai ƙaramin shago a can ba a ko ɗaga kai a dube shi, manyan 'yan sari ake saukar wa farashi. Kowane mai shago daga nan har Doguwa kukansa ɗaya ne.

Alhaji Ukasha na Tudun Wada, mai shago uku a bakin babban titi, shi ya tara su. Ya ce akwai wani kamfani na ƙasar waje da ke haɗa ƙananan shaguna ƙarƙashin suna ɗaya a ƙasashe da yawa. Kowa na riƙe da shagonsa, ba wanda zai karɓe. Suna ɗaya, fenti ɗaya, kaya kuma su zo a babbar mota ɗaya duk sati, a farashin manya. Sunan kamfanin ba wanda ya iya faɗarsa daidai. Alamarsa koren kwando ce, sai kowa ya riƙa cewa Koren Kwando. Shago ashirin da shida suka ba da suna, daga Bebeji da Kiru da Tudun Wada har Doguwa.

Ba damfara ba ce. Na faɗi wannan don akwai masu cewa haka yanzu. Kayan sun zo, kuma sun fi na Singa sauƙi.

Gwadabe ya kawo mini takardar yarjejeniya saboda da Turanci take. Shafi goma sha ɗaya, na karanta duka. Ba a fasa leda a sayar da kaɗan-kaɗan. Duk abin da zai fita sai ya bi ta na'urar da ke kan kanta. Kamfani ne zai zana yadda cikin shago zai zauna. Kowane shago kuma akwai yawan kayan da dole ya ɗauka duk sati, in ya kasa wata uku a jere, a cire shi.

Na ce, "Gwadabe, ban ga tagar Zuwaira a cikin takardar nan ba. Kafin ka sa hannu ka gaya musu."

Ya ce, "To, Yaya."

Na san wannan "to" ɗin tun yana yawo ba wando. Ba ta nufin komai.

Kamfani ya turo wani saurayi daga Kano mai suna Zayyad ya duba shagon. Yaro mai tarbiyya, har ƙasa ya durƙusa ya gaishe ni da muka haɗu a ƙofar gida. Ya ce zai zauna kwana biyu ya ga irin mutanen da ke shiga. Da safiyar ranar farko Gwadabe ya leƙo ya ce wa Zuwaira ta rufe tagar, akwai baƙo namiji a ciki, kada ya riƙa ganin matan mutane. Ta rufe. Kwana biyun nan mata suka yi ta shigowa suna komawa hannu rabbana. Zayyad kuwa yana kan benci da littafinsa, yana rubuta masu sayen batir.

Rana ta biyu da yamma Alhaji Ukasha ya zo, suka shiga ciki da Zayyad suna gwada bango da igiyar awo. Mutanen benci suka biyo su kallo. Ni da Zuwaira muna bayan tagar, kunnenmu a jikin katakonta.

Zayyad ya ce, "Baba, gaskiya masu shigo maka kaɗan ne. Amma ma'aikatan ruwa da masu zuwa dam da mota suna wucewa ta nan. In shagon ya yi kyau za su tsaya." Sai muka ji ya ƙwanƙwasa katakon da muke jingine da shi. "Wannan tagar fa, Baba, ta mece ce?"

Zuwaira ta riƙe mini hannu.

Gwadabe ya ce, "Ta iska ce."

"Ba damuwa, za a sa maka fanka. Nan firji zai zauna, bangon ya fi ko'ina inuwa. Sai a toshe ta."

Alhaji Ukasha ya ce, "Ya yi daidai. Ɓera ma ta irin nan yake shigowa."

Bayan sun tafi na tare Gwadabe a tsakar gida kafin ya ɗauki buta. Na ce, "Me ya kama maka baki?"

Ya ce, "Haba Yaya. A gaban Alhaji da yaron mutane da su Malam Uba na kan benci zan tsaya ina maganar iyalina? In ce matan aure ke cika mini gida? Ko so kike in ce mai ɗakina ce ke riƙe da shagon?"

"Ƙarya ce in ka faɗa?"

Zuwaira na tsugune tana tankaɗe, ba ta ɗago ba ta ce, "Ƙyale shi, Yaya. Shekara talatin ina tsaye a wurin nan ƙafata na kumbura, ashe ni iska ce. Yau dai na san sunana."

Ya ce, "Ke ma kin huta. Mata za su zagayo ta gaba, ai shagon zamani ne."

Ta ce, "Malam, ni kaina ka taɓa bari na tsaya a ƙofar gaban?"

Ya ɗauki butarsa ya fita.

Gyaran shago a kan mai shago yake. Tayil, ƙofar gilashi, firji, sola, fenti. Gwadabe ya sayar da gonar rani ya yi su duka. Na hana, ya ce kowa haka ya yi. Mudi birkila ya zo da bulo goma sha biyu da rabin buhun siminti, ya cire katakon, kafin azahar ya gama. Zuwaira ta zuba masa shinkafa da wake. Yana ci yana cewa, "Uwargida, yanzu ina Hajiyata za ta riƙa sayen magi?" Ta ce, "Ka tambayi wanda ya kira ka." Bencin ma aka ɗauke, wai yana tare gilashi.

Ranar buɗewa an sha kallo. Allon kwando a sama, Gwadabe cikin koriyar riga da hularsa ta Juma'a, gwangwanaye duka suna kallon gefe ɗaya. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki kamar ranar ba, wannan gaskiya ne. Ya riƙa shafa kanta da tsumma alhali ba abin da ya taɓa ta.

Ma'aikatan ruwa sun tsaya kamar yadda Zayyad ya ce, amma su nawa ne? Ƙarshen wata su sayi madara da lemo, shi ke nan sai wani watan. Masu zuwa dam da mota da kayansu suke tahowa daga Kano. Matan layi kuwa, wadda mijinta zai yarda ta tsaya a bakin titi a bayan gilashi kowa na ganinta ba ta kai ɗaya cikin goma ba. Wasu tsofaffi biyu sun gwada. Suka cire takalma a bakin ƙofa saboda tayil, ɗaya ta ce a ba ta magi biyu. Gwadabe ya ce sai dai leda guda. Ta ce, "Ɗan nan, miyar gida nake yi, ba ta biki ba." Suka sa takalmansu.

Gida na uku daga nasu akwai Asibi, bazawara mai sayar da daddawa. Asibi ba ta yi makaranta ba, amma ba ta barci da ido biyu. Sati na biyu ta yafa mayafi ta shiga ta ƙofar gilashi ta sayi sukari da magi da omo manyan ledoji, a sabon farashi mai sauƙi. Gwadabe ya dawo gida yana murna ya yi babban ciniki. Ita ta koma ɗakinta ta zauna da fararen ledoji tana ƙullawa. Kafin wata ya ƙare, takalman da ke taruwa a zauren Gwadabe sun koma zaurenta.

Na ce masa, "Abin da Asibi ke yi da kayanka, matarka ta fi ta iyawa. Ka saya da kanka ta na'urar, ka kai mata ɗaki ta ƙulla."

Ya ce, "Takarda ta hana mai shago fasa kaya, ke kika karanta mini. Gidan da shagon rufi ɗaya ne. Da bismilla na sa hannu, Yaya."

Ba zan ce bai da gaskiya ba. Mutum ne da bai taɓa tauye awo ba. Amma gaskiyar ba ta sayar da ko ashana ba. Babbar mota na zuwa duk Laraba tana sauke rabonsa, na makon jiya na nan a kanta. Biskit ya fara wuce kwanansa. Daga baya Asibi ma ta gano in ta hau mota ranar kasuwa za ta samu abin da take so ba sai ta wajensa ba, ta daina shigowa. A wata na biyar ya fara cewa direba ya rage masa kaya.

Zuwan Zayyad na gaba ban nemi izinin kowa ba. Na shiga ta gaba da takalmina. Na ce, "Yaro, zo in nuna maka abin da ba a nuna maka ba." Na kai shi gaban firji na gaya masa abin da ke bayansa, tun daga gishirin Inna har matan ruga. Gwadabe na tsaye kansa a ƙasa kamar wanda aka kama da akuyar mutane.

Zayyad ya cire hularsa ya riƙe. Ya ce, "Baba, da ka faɗa mini. Akwai tsarin da ake yi wa irin wannan, ƙaramar taga da kaya 'yan ƙanana a ledarsu ta kamfani. Wani a Kiru ya gaya mini tun ranar farko, haka muka zana masa nasa."

Gwadabe ya ce, "A gaban mutane ya gaya maka?"

"A'a, gefe ya ja ni."

Wannan gefen bai taɓa zo wa ƙanena a rai ba.

Zayyad ya ce zai rubuta. Sai dai canza zane ba a hannunsa yake ba, sai takarda ta je Legas, daga can ta haye waje ta dawo. Ya ce a yi haƙuri kamar wata uku. Na ce, "Wata ukun da in ya kasa ɗaukar kaya za ku cire shi?" Ya ce zai yi magana da Alhaji Ukasha. Na tabbata ya yi masa maganar. Alhaji ya ce shi ba abin da zai iya, sauran masu shaguna na ƙorafi cewa mota na barin babban titi tana shigowa Tiga saboda katan biyar, kuɗin man kuma a kansu duka yake. Su ma da gaskiyarsu.

Takardar taga har yau ba mu gan ta ba. Ta cirewa ce ta zo. Mutum biyu suka kafa tsani suka sauke allon kwando, suka ɗauki na'urar da koriyar rigar. Fentin ne kawai ba su iya kwashewa ba. Shago bakwai aka cire a shekarar, yawanci na cikin ƙauyuka. Sha taran da suka rage suna nan, na bakin titi kuma suna samu. In kin wuce Tudun Wada za ki ga na Alhaji Ukasha ya ƙara ƙofa.

Gwadabe ya sayar da firjin wa wani mai kifi, ya je Singa da abin da ya samu, ya dawo da kaya a bayan babur ɗaya. Ya aika a kira Mudi. Mudi ya zo da guduma yana dariya, ya ce, "Malam Gwadabe, da ka ce ta aro ce ai da ban sa siminti da yawa ba." Ya fasa, ya jera bulon a gefe. Aka nemo tsohon katakon a bayan ɗakin girki, gara ta ci gefensa, aka mai da shi haka.

Zuwaira ta yi wanka ta ɗaura sabon zani ta tsaya. Mata suka shigo, ba laifi, sun zo da yawa ranar farko. Suka ce barka, Allah ya sa alheri, Allah ya tsare gaba. Na lura kowacce da ƙullinta a bakin zani, ta riga ta biya ta wajen Asibi. Ba ƙiyayya ba ce. Shekara guda da wata biyu ƙafa ta saba da wata hanya. Asibi ta fasa bango ta yi tata tagar, ta sa rumfa da randar ruwa, tana da abin da Zuwaira ba ta da shi yanzu, wato kaya iri-iri. Mace ta zo nan ta tambayi abu uku a ce biyu babu, gobe ba za ta dawo ba. Matan ruga ma can suke sauke ƙwarya. Ɗaya daga cikinsu, tsohuwar ƙawar Zuwaira, takan leƙo ta gaishe ta a tsaye ta wuce.

Bayan wata biyu Zuwaira ta daina tsayuwa. Ta ce ƙafarta. Ta koma yi wa Muhsina 'yan ɗinke-ɗinken kayan ɗaki, waɗanda da daga gonar rani aka sa ran za su fito. Ba ta ƙara yi wa Gwadabe gori ba, kuma na fi jin tsoron wannan shirun a kan bakinta.

Shi kuwa kullum bayan asuba yana buɗe shago, ya share tayil, ya juya gwangwanayen da suka rage su kalli gefe ɗaya. An dawo da benci, mutum biyu daga cikin biyar ɗin suka dawo, sauran sun samu wata inuwa. Da rana Zuwaira ta miƙa masa abinci ta taga. Yawancin ranaku kwanon nan kaɗai ke bi ta wurin. Ranar Asabar da ta wuce ni ma na nemi barkono da man ja, ba su da ko ɗaya, na je wajen Asibi. Gwadabe ya gan ni na fito da ƙulli a hannu. Ya ce, "Sannu Yaya." Na ce yauwa.

Jiya Ghali, mai sayar da taki da maganin feshi, ya zo suka zauna. Zai karɓi shagon haya daga farkon wata, yana son wuri kusa da masu noman rani. Ya zaga ciki, ya yaba tayil ɗin. Da ya zo wajen tagar ya ce warin magani zai riƙa shiga cikin gida, ga abinci ga iyali, gara a toshe ta. Gwadabe ya ce to.

Mudi ya ce ba sai an sayi bulo ba, na wancan karon suna nan jere a gindin darbejiya, biyu ne kawai suka fashe.